Dutsen Kwatarkwashi ba Turawa yake jira ba

Wata Asabar da ta wuce na shiga motar haya daga Gusau zan je Funtuwa gaisuwar mutuwa. Mu shida ne ban da direba, huɗu a baya, biyu a gaba, kowa ya ɗora gwiwa a kan ta ɗan'uwansa. Kusa da ni akwai wani saurayi Bakano, ɗan bautar ƙasa da aka turo jiharmu koyarwa. Ba mu yi rabin awa da barin gari ba dutsen ya bayyana, baƙi ƙirin, ya tokare sama kamar an kifa ƙatuwar tukunya a tsakiyar gonaki.

Yaron ya taɓa ni. "Malam, wannan wane dutse ne haka?"

Na ce masa Kwatarkwashi ke nan. Ya ce me ke cikinsa. Direba ya riga ni amsawa, ko waiwayowa bai yi ba: "Dutsi ne dai."

Sai wata tsohuwa da ke jikin ƙofa, wadda tun tasha ba ta ce uffan ba, ta gyara zama. "Wanga dutsi? Nan aka kamun mikiya, ɗana. Ina 'yar yarinya, samari ka hawa, ana kiɗi ƙasa, mata na guɗa…"

Ba ta kai ƙarshe ba wani matashi a gaba ya ɗago kai daga wayarsa. "Inna, a bar tone-tone. Tsafi ne, Allah ya raba mu da shi."

Tsohuwa ta ja mayafinta ta yi gum. Motar ma ta yi tsit.

Shirun nan ne ya hana ni sakat har yau. Baƙo ya yi tambaya a kan abu mafi girma da ido zai gani a wannan hanya, mu 'yan gida shida a mota, ɗaya ya ce dutse ne kawai, ɗaya ya toshe bakin wadda ta sani, ni kuma da nake taƙama da boko sunan wurin kaɗai na iya bayarwa.

Ga ra'ayina tun da wuri, don wanda zai yi musu ya san inda zai kama. Duwatsun Zamfara da kufayen da ke jikinsu wurare ne da ya kamata a adana, a kuma riƙa kai musu ziyara. Amma baƙon farko da suke buƙata ba Bature ba ne mai jakar goyo da kyamara. Ɗan Gusau ne, da ɗan Bunguɗu, da ɗan Tsafe. Aikin farko kuma ba otel ba ne, tattara labarin ne daga bakin waɗanda suka san shi, yanzu, ba sai an samu zaman lafiya ba.

"Ai tsafi ne"

Bari in fara da matashin nan na gaban mota, don ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, kuma ba na raina ta. Gaskiya ne an yi maguzanci a Kwatarkwashi. Sunan Magiro, abin bautar Maguzawa, ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saurari tsofaffin yankin, haka ma bikin Baura da ake hawa dutse kamun mikiya. Jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 ba za ta so a ce ta koma yanka wa dutse baƙin bunsuru ba. Ni ma ba na so.

To amma wa ya ce a koma? Ba da labarin abu daban, yin abin daban. A Kano duk yaron firamare ya san Barbushe da Tsumburbura. An yi wa Dutsen Dala matakala, mutane na hawa suna hango birni, suna saukowa su tafi masallaci. Ban ji wanda ya ce Musuluncin Kanawa ya ragu saboda sun san abin da kakanninsu suka bauta wa ba. A Daura ana kai baƙi rijiyar Kusugu a ba su labarin macijiya. A Masar, birnin da Azhar take shi ne birnin da ake fita daga cikinsa a je kallon gine-ginen Fir'aunoni, kuma malamanmu da suka yi karatu can da yawansu suna da hoton da suka ɗauka a wurin.

Alƙur'ani da kansa ya umarce mu, ba sau ɗaya ba, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ta yaya za ka duba abin da ka hana a ambata? Yaron da aka kai gindin dutse aka ce masa nan kakanninka suka yi kaza, daga baya malamai suka zo da karatu, aka bari, wannan yaro ya fi sanin darajar shiriyar da ya gada a kan wanda aka ce wa dutse ne dai.

Akwai kuma wani abu da masu wannan magana ke mantawa. Tarihin wannan hanya ba na Maguzawa kaɗai ba ne. Gaba kaɗan, kafin ka shiga Tsafe, akwai 'Yandoto, garin malamai da ya yi suna a ƙasar Hausa tun kafin jihadi, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon jihadin. Daga can Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau. Har gobe Sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsafe kuma 'Yandoto, saboda wannan yanki a da ɓangaren ƙasar Katsina ne. Tambayi ɗalibin sakandare a Gusau dalilin da ya sa sarkinsa yake Sarkin Katsina alhali ga Katsina can da nata sarkin. In ya amsa, ka zo in biya ka kuɗin mota. Ashe ba tarihin tsafi kaɗai muka yar ba, har da na malamai. Don haka kada mu fake da addini. Sakaci ne kawai.

Maganar mikiya

Ina so in daɗe kaɗan a nan, don ita ce ta fi ba ni takaici.

Mikiya babbar 'yar'uwar ungulu ce, amma ba ta zama bakin mahauta. A jikin dogon dutse take yin sheƙa, inda mutum ba ya kaiwa sai da ganganci. Masana tsuntsaye sun daɗe da sanin Dutsen Kwatarkwashi a matsayin ɗaya daga cikin 'yan wuraren da aka tabbatar irin wannan mikiya tana hayayyafa a Najeriya. A rubuce-rubucensu Kotorkoshi suke kiran wurin, yadda Turawan mulkin mallaka suka rubuta shi. Wato akwai mutanen da ba su taɓa cin hoce ba, ba su san hanyar Gusau ba, amma sun san sunan dutsenmu saboda tsuntsuwar da aka sani a kansa.

Kuma ba ƙaramar tsuntsuwa ba ce. A 1973 wani jirgin sama ya yi karo da irinta a sararin samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300. Ba a taɓa tabbatar da wani tsuntsu ya kai wannan nisa a sama ba. Ka tsaya ka yi tunani: halittar da ta fi kowane tsuntsu lulawa sama, ta yi gida a nan kusa da inda muke tsayawa sayen rake.

Yau irin wannan mikiya tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba sai an kawo maka takarda ba, ka tambayi kanka rabonka da ganin ko da ungulu a mahautar garinku. Muna yara korarsu ake yi da dutse saboda yawa. Guba da ake zuba wa mushe ta kashe wasu, masu sayar da kai da ƙafafunsu ga masu magani sun kwashe wasu.

Shi ya sa in wani ya ce a farfaɗo da Baura yadda take a da don a ja hankalin baƙi, ni ne farkon wanda zai ce a'a. Ko an ajiye maganar addini gefe, ba a kama abin da ya kusa ƙarewa don a burge 'yan kallo. Abin da nake so shi ne a san an yi, a san yadda aka yi, a san waƙoƙin da aka rera da sunayen sassan dutsen, a kuma hana taɓa duk tsuntsun da ya rage a kansa.

"Ana ta kai wa ke ta kaya"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma duk wanda ya yi kamar bai gan ta ba maƙaryaci ne. Hanyar Gusau zuwa Tsafe hanya ce da fasinja ke shiga da addu'a a baki. Manomi na biyan kuɗi kafin ya girbe gonarsa. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka dakatar da kasuwannin mako. Wane uba ne zai sa hannu a takarda a ɗauki ɗiyarsa a kai ta hawan dutse a wannan hali? Ni dai ba zan sa ba.

To ai ban ce a cika bas da yara gobe ba. Abin da na ce a fara da shi ba ya buƙatar kowa ya shiga daji. Tsofaffin da suka san labarin Kwatarkwashi, da Kanoma, da Jata, da Dutsi ta ƙasar Zurmi inda ake cewa sarautar Zamfara ta faro, da yawansu yanzu ba ma a ƙauyukan suke ba. Rashin tsaro ya koro su cikin gari. Suna nan a Gusau da Kaura Namoda da Talata Mafara, a zaure ko a kangon wani, suna zaune ba mai tambayarsu komai. Wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar muryarsu.

'Yan bindiga za su ƙare wata rana, da yardar Allah. Dutse kuma yana nan, ba inda za shi. Tsohuwa ce ba za ta jira ba. A 2022 Mai Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu bayan fiye da shekara 60 a kan gadon sarauta, mutumin da ya hau tun Sardauna na Firimiya. Sa'o'insa da suka ga abubuwan da ya gani kowace damina raguwa suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka ce sai an samu lafiya za mu fara, ranar da baƙi za su zo za mu kai su gindin dutse mu tsaya muna kallon juna, kamar yadda muka yi a motar nan.

Dubi Argungu. An fara bikin kamun kifi a tsarinsa na yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Bikin ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, har sai a 2020 aka dawo. Amma a cikin wannan tsaiko ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun gado na duniya. Me ya riƙe shi? Sarkin Ruwa na nan, masunta na nan da homa da gora, gidan tarihi na Kanta na nan da kayansa. Da aka buɗe ƙofa, akwai abin nunawa. Sukur ma, can kan duwatsun Adamawa, da ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta ga tashin hankalin Boko Haram da idonta, amma ba a soke ta daga tarihi ba saboda an riga an rubuta ta.

Akwai ma wani darasi da ya fi dacewa da wannan zamani fiye da kowane. Me ya kai mutanen zamanin da zuwa kan dutse tun farko? Ba shan iska ba. Tsoro ne. Mahara na zuwa a kan dawaki, sai mutane su haye sama da hatsinsu da awakinsu, inda doki ba ya iya bi, inda mai gadi ɗaya zai hango ƙura tun daga nesa. Sai da hari ya lafa aka riƙa saukowa ana kafa gari a fili kusa da gona da hanya. Ina makarantar sakandare wani malaminmu ya taɓa kai mu gindin Kwatarkwashi, muka ɗan haura. Abin da ya tsaya mini a rai ba tsayin ba ne. Tsingaro ne birjik a ƙasa, guntayen tukwane, wasu da zanen da aka yi musu da hannu. Na ɗauki ɗaya na juya, na ga wurin da yatsan maginiyar ya lotsa yumɓu tun yana ɗanye. Na sa babban yatsana a gurbin, ya zauna daidai. Wata mata ce ta gina tukunyar nan, ta dafa wa 'ya'yanta tuwo a cikin fargaba irin wadda matan ƙauyukanmu ke kwana da ita yau. Yaron da aka raba da garinsu yana zaune a sansani, ina ganin yana da haƙƙin ya san cewa ƙasar nan ta taɓa shiga irin wannan ta fita.

Masu otel da masu "ina riba"

Na taɓa zama a wani taro inda wani mai babbar riga ya yi jawabi a kan bunƙasa yawon buɗe ido. Ya yi maganar otel na alfarma a gindin dutse, da keken da zai riƙa ɗaukar mutane a kan waya zuwa ƙololuwa, da masu zuba jari daga ƙasashen waje. Aka tafa, aka ci shinkafa, aka watse. Ko allo ɗaya mai ɗauke da sunan wurin ban ga an kafa ba daga baya.

Wannan tunani shi ke kashe maganar tun ba a fara ba. Da zarar an ce wurin tarihi, sai hankali ya tafi kan kwangila da Turawa da dala. Tunda Turawan ba za su zo ba, kuma kowa ya san ba za su zo yanzu ba, sai a naɗe tabarma. Alhali mutanen da ke cika Dutsen Dala ranar hutu Kanawa ne. Masu hawa dutsen Olumo a Abekuta galibinsu 'yan ƙasa ne da 'yan makaranta. Bikin Uhola na Dakarkari a ƙasar Zuru, maƙwabtanmu da su ma mutanen duwatsu ne, 'ya'yan yankin ne ke dawowa daga Kaduna da Abuja da Legas su cika shi. Ba su jira wani ya zo daga Ingila ya ce musu abinsu na da kyau ba.

Mai cewa ina riba, talaka na neman na masara, shi ma yana da gaskiyarsa. Ba zan yi masa alƙawarin miliyoyi ba. Amma na san abin da ke faruwa duk inda mutum ɗari suka taru a ƙasar Hausa: mai fura za ta zo, mai ƙuli-ƙuli da hoce za ta zo, mai tsire zai hura wuta, ɗan acaɓa zai yi sawu goma maimakon uku, saurayin da ya san hanyar hawa zai samu na jagora. Kuɗi ne ƙanana, amma a hannun mutanen garin suke tsayawa. Na otel ɗin alfarma kuwa kowa ya san aljihun da suke shiga.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin rakiyar babban mutum ɗaya zuwa Abuja ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, tana kan wannan hanyar ta Zariya. Ga kwalejin ilimi a Maru, ga kwalejin kimiyya da fasaha a Kaura Namoda. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan batutuwan da aka maimaita har sun gaji. A ba kowane ɗalibin Hausa da na tarihi dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya zauna da su, ya ɗauki murya, ya rubuta da karin harshensu yadda suka faɗa, kada ya gyara musu zuwa Hausar Kano. A ajiye a inda kowa zai iya saurara. Gidajen rediyonmu su ware rabin awa a mako. Masarautu kuma, tunda su ke da iko da mutanen wurin, su shata inda kufai yake su hana a fasa dutse ko a haƙa rami a nan. Wannan na ƙarshe da gaggawa ne, domin jihar da haƙar zinariya ta jawo mata gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta san abin da mai diga da shebur zai iya yi in ya ji ƙishin-ƙishin akwai arziki a ƙasa.

In an samu sauƙin hanya, sai a fara da makarantun da ke kusa, waɗanda yaransu ke ganin dutsen ta tagar aji. Daga nan na Gusau. Na nesa su biyo baya in sun ga dama.

A Tsafe tsohuwar nan ta sauka. Yaron mota ya miƙo mata ƙullin kayanta daga but, ta ɗora a kai, ta leƙo ta taga ta ce, "Allah shi kai ku lahiya." Ɗan bautar ƙasar ya bi ta da kallo har ta tsallaka titi ta shige cikin masu sayar da dankali. Wayata na aljihu cike da caji, ban ko tambaye ta sunan ƙauyensu ba.